Badruddeen da Lagireto Uku

A Anguwan Rogo ta garin Jos akwai wani mutum mai suna Badruddeen, mutanen layi kuma suna gajarta shi su ce Badaru. Sana'arsa haɗa bidiyo. A kawo masa hoton biki ko suna ko taron makaranta a hargitse, ya zauna gaban kwamfuta ya yanke nan ya jona can, ya sa kiɗa, sai ka ga angon da ya wuni yana hamma ya fito yana murmushi daga farko har ƙarshe. Hannunsa yana da kyau, wannan ko wanda ba ya son sa ba ya musu. Yana salla a kan lokaci, ba ya shan komai, ba ya cin amanar kowa. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya jin an yabi wani a gabansa. Ka ce masa yau mai shayin bakin titi ya iya haɗi, sai ya ce ai madarar ce mai kyau. Ka ce jaririn maƙwabcinsa ya yi ɓulɓul, sai ya ce kumburi ne, a kai shi asibiti.

Wanda ya fi tsaya masa a wuya kuwa shi ne Datong. Tare suka koyi aiki a wani shago a Ahmadu Bello Way, amma Badaru ya riga shi shiga da shekara biyu, kuma har gobe yana gaya wa mutane cewa shi ya nuna wa Datong inda ake kunna kwamfuta. Da aka yaye su, Badaru ya kama shago a bakin Bauchi Road, Datong ya koma garinsu Bukuru ya buɗe nasa. Ba su taɓa faɗa ba. Da Kirsimeti Datong yana aiko da shinkafa da kaza, da Babbar Salla Badaru yana aika masa da cinya guda. Sai dai duk ranar da aka ce Datong ya samu wani aiki mai kyau, ranar gishiri ya yi yawa a miyar gidan Badaru, ko da kuwa matarsa Binta ta manta ba ta sa ba.

Babbar kwastomar Badaru ita ce Madam Cordelia, mai wata makarantar firamare a Rayfield. Shekara shida a jere shi ke yi mata bidiyon bikin yaye ɗalibai. Ta dalilinta iyayen yara na Rayfield suka san lambarsa, su kira shi bikin haihuwa, su kira shi buɗe gida. In ka cire Madam Cordelia daga shagon nan, abin da zai rage sai hoton fasfo.

To, don wanda bai san kwamfuta ba, abin ba shi da wata wahala, masu boko ne ke son rikita mutane. Kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa, 'yar ƙarama, ko tafin hannu ba ta cika ba, in ta yi aiki sai ta ɗau zafi. Wasu fanka ke yi musu fifita. Manyan kuma ruwa ke sanyaya su, kamar dai mota: ɗan famfo a kan ƙwaƙwalwar, da tiyo biyu, da lagireto. Ta Badaru irin mai ruwan ce, amma wadda aka haɗo a rufe tun daga kamfani. Ba a ƙara mata ruwa, ba a rage mata, ba a kwance ta. Lagireto ɗaya gare ta, kuma shekara uku tana aiki ko tari ba ta taɓa yi ba. Ga shi a Jos ake, a watan Yuli, lokacin da mutum ke sa rigar sanyi biyu da rana tsaka.

Ranar wata Litinin Madam Cordelia ta zo shagon ta ga inda aka kwana a aikin bana. Ta zauna, ta kalli rabin da ya haɗa, ta ce ya yi. Har ta ɗauki jaka za ta tashi sai ta ce, "Ɗana, ka san wani Datong a Bukuru?"

Badaru ya ce, "Na san shi, Madam. Ni na koya masa aiki."

Ta ce, "To ka iya koyarwa. Jiya bayan coci na raka 'yan waƙarmu wurinsa, shi ya yi musu bidiyo. Ka ga kwamfutarsa kuwa? Duk jikinta gilashi. Ruwa shuɗi yana ta zagayawa a ciki, ga fitilu. Ya ce min lagireto uku ne a cikinta. Ni motata ma ɗaya gare ta." Ta leƙa ƙarƙashin tebur. "Taka tana ina?"

"Ga ta nan kusa da ƙafarki."

"Au, wannan ce? Na ɗauka akwatin kayan aiki ne."

Ta yi dariyarta. Ita ba da wata manufa ta faɗa ba, mace ce mai son labari, ko sabuwar tsintsiya ta gani a gidan wani sai ta ba da labarinta. Ta ce masa ranar Asabar ƙarfe goma za ta zo da shugaban iyayen yara su kalli bidiyon su tafi da shi, don Litinin ake ba da hutu, ranar za a raba wa iyaye. Ta shiga motarta ta tafi. Amma abin da kunnen Badaru ya ji daban ne. Shi ya ji an ce masa bana ce ta ƙarshe, baɗi Bukuru za a kai.

Da ya koma gida da yamma Binta ta ajiye masa gwate, faten nan na mutanen Jos. Ya yi cokali biyu ya ture kwanon. Ta dube shi ta ce, "Baban Ashraf, yau kuma wa aka yaba?"

"Ba wanda aka yaba. Gishiri ne ya yi yawa."

"To Datong ne ke nan. Me ya saya?"

Ya ba ta labari, yana yi yana tsaki. Ta ce, "Ita Madam ɗin ta ce aikinka bai yi ba?"

"Ba ta ce ba."

"Kwamfutar taka ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To ci gwatenka."

Bai ci ba. Washegari da safe ya shiga bas ɗin Bukuru, wai zai je gaisuwa. Datong yana ganinsa ya taso da murna. Ya ce, "Oga Badaru, yau kai ne a Bukuru? Lallai yau za a ga rana." Ya jawo masa kujera, ya aika a sayo lemo. Badaru ya zauna ya juya wa kwamfutar baya, amma ga madubi a bango, ta ciki yake kallon ta. Abin da Madam ta faɗa kaɗan ne. Tiyon a miƙe sambal, ruwan yana gudu ba ƙara, fitilun suna canja launi a hankali. Lemon ya koma masa kamar ruwan maɗaci.

Datong ya lura. Ya ce, "Oga, juyo ka gan shi da kyau mana. Shekara biyu ina tara kayan shi ɗaya-ɗaya. Ka ga wannan famfo? Babba ne, shi ke iya tura ruwa ya zaga duka ukun. Kuma tsakanina da kai, biyu ma ya isa. Na ukun don kyau ne kawai."

Badaru ya ce, "Ba laifi. Ana dai ƙoƙari." Ya kurɓi lemo. "To a ce wani mutum, ba ni ba, wani mutum dai, yana da irin rufaffen nan, ya so ya ƙara masa lagireto fa?"

Datong ya yi dariya. "Ka gaya ma wani mutum ɗin ya bar shi yadda yake. Famfon shi ƙarami ne, da lagireto ɗaya aka auna shi. In ya yanke tiyo kuma, ruwan kamfani ya zube, iska ya shiga. Naka yana zafi ne?"

"Wa ya ce nawa ne?"

"To, in wani mutum ɗin ya matsu, ya kawo mini in duba mishi. Ba sai ya biya komai ba."

A cikin bas a hanyar komawa Badaru ya yi ta juya maganar. Kafin su kai Zaramaganda ya gama gano bakin zaren: Datong baƙin ciki yake yi masa. Ba ya son kowa ya kamo shi, shi ya sa ya ce a bari. Kuma wai a kawo masa ya duba, don gobe ya gaya wa duniya cewa shi ke yi wa ogansa gyara. Haka mai hassada yake, ko ruwan sha ka miƙa masa sai ya leƙa ƙasan kofin. Bai sauka a shago ba, sai Dilimi, wurin masu kayan mota.

A can akwai wani tsoho, Baba Jika, mai gyaran lagireto. Shekara arba'in yana walda, duk motar da ta taɓa tafasa a Hawan Kibo ta san hannunsa. Badaru ya gaishe shi ya ce yana son lagireto biyu ƙanana.

Baba Jika ya ce, "Wace mota ce, samari?"

Badaru ya san magana ba ta kwana a Dilimi. In ya ce kwamfuta, kafin la'asar labari ya kai Bukuru. Sai ya ce, "Ba mota ba ce, Baba. Wani inji ne."

"Janareto?"

"Ɗan'uwansa ne."

"Na niƙa?"

"Baba, inji dai."

Tsoho ya ce, "To Allah ya ba injin lafiya." Ya tona tulin ƙarafunansa ya zaro ƙananan lagireto biyu, irin na hitar da ke ɗumama cikin mota, ya hura su da baki ya ce suna da sauran rai.

Laraba da Alhamis Badaru ya rufe shago ta ciki. Aikin Madam yana nan inda ya tsaya, ya gama haɗawa, saura fitarwa, wato lokacin da kwamfuta ke narka komai ya zama bidiyo ɗaya, kuma nan ne take shan wuya. Ya ce wannan ba ya gudu. Ya ɗauki reza ya yanke tiyon. Ruwan kamfani ya zubo, ko kofin shayi bai cika ba. Ya ce, "Dubi abin da suke cutar mutane da shi." Bakin sababbin lagireton ya fi tiyon faɗi, sai ya sayo tiyon man babur ya cusa wannan cikin wancan, ya yanka tsohon tub ɗin keke ya ɗaɗɗaure mahaɗan tamau, yadda ake ɗaure kaya a bayan babur. Ya huda gorar roba ta zama tanki. Ya cika da fiya wata na leda, ya zuba bular wankin Binta don ruwan ya yi shuɗi. Lagireton suka ƙi shiga cikin akwatin, sai ya kafe su a katako a samansa, kowanne da fankarsa da aka jona a soket ɗin bango. Ya cire murfin gefe ya sa gilashin taga. Ya je kasuwar Terminus ya sayo fitilun Kirsimeti ya naɗe ko'ina.

Da ya kunna, sai ga ruwa yana tafiya. Tafiyar dai irin ta tsohuwa mai hawan dutse da kaya a ka, amma yana tafiya. Famfon yana ɗan nishi. Badaru ya ce ai abin manya ba ya gaggawa. Ya ja baya ya harɗe hannu yana kallo. Wanda duk ya gaya maka abin nan bai yi kyau ba daga nesa, to bai gan shi ba.

Ranar Juma'a da safe ya buɗe shago ya tarar da shuɗin ruwa a kan katakon. Ɗaya daga cikin lagireton Baba Jika yana da huji kamar bakin allura, yana ɗiga. Ana sallame masallaci ya nufi Dilimi. Ya tarar Baba Jika yana kulle rumfa, da jakarsa a kafaɗa.

Tsoho ya ce, "Ciro shi ka kawo in liƙe maka. Amma sai Litinin, yanzu Mangu za ni, ɗaurin auren jikata."

"Baba, gobe ƙarfe goma nake bukatarsa."

Baba Jika ya sosa gemu. "To akwai dabarar direbobi. In lagireto ya huje a daji, ka samu garin barkono cokali ɗaya ka zuba a ruwan. Ruwa zai kai shi bakin hujin, ya kumbura ya toshe. Na ga tirela ta zo daga Lafiya har Jos da barkonon mai ƙosai. Amma fa na hanya ne, ya kai ka gida kawai. Injin naka hanyar ruwansa tana da faɗi dai ko?"

Nan ne wurin da ya kamata Badaru ya buɗe baki ya faɗi gaskiya. Da ya ce kwamfuta, tsohon zai ce shi bai san wannan ba, a je a tambayi masu ita. Masu ita kuwa a Bukuru suke. Sai ya ce, "Tana da faɗi sosai, Baba."

Abin da bai sani ba, a cikin ƙarfen da ke kan ƙwaƙwalwar, ruwa ta wasu 'yan tsagogi yake bi, sirara, gashin kai da ƙyar zai wuce.

Ya biya ta gida ya shiga kicin. Binta ta tarar da shi yana juye barkononta a takarda. Ta ce, "Shekaranjiya bula, yau barkono. Gobe in ɓoye daddawa ke nan. Baban Ashraf, kwamfuta kake gyarawa ko miya kake haɗawa?"

"Aikin injiniya ne, ba za ki gane ba."

"Na yarda. Aikin Madam fa, ka gama?"

"Saura fitarwa. A gabanta zan fitar, ta ga yadda inji ke aiki."

Ta ce, "Da ka kira Datong ya leƙa maka."

Ya fita abinsa. A shago ya zuba cokali ɗaya a gorar. Ya tsaya ya yi tunani, ya ce cokali ɗaya na ƙananan mutane ne, ya ƙara na biyu. Ya kunna. Cikin minti goma sha biyar ɗigar ta tsaya cak. Ruwan kam ya bar shuɗi, ya koma wani launi da ba a raɗa masa suna ba, amma fitilun suna rufa masa asiri. Ya kashe, ya lulluɓe komai da zane, ya tafi gida yana fito.

Asabar ƙarfe goma Madam Cordelia ta iso da Mista Pam, shugaban iyayen yara. Ta sha farin leshi da gwaggwaro, don daga nan ɗaurin aure za ta wuce. Badaru ya ajiye musu kujeru daf da tebur, ya yi gyaran murya, ya yaye zanen.

Madam ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ɗana, wannan kuma mene ne?"

"Lagireto uku, Madam. Kuma nawa ba na wasan yara ba ne, na mota ne, ƙarfe zalla."

Mista Pam ya ce, "Ni dai ina ganin kamar injin markaɗe ya je bikin Kirsimeti."

Badaru ya yi kamar bai ji ba. Ya kunna, ya danna fitarwa, ya ce minti arba'in an gama. Ya fara yi musu bayani, wannan tiyo ya shiga nan, wancan ya fita can, na Bukuru duk ado ne. Yana cikin magana ƙarar famfon ta canja. Da farko kamar sauro a kunne, daga baya kamar akuyar da ta haɗiyi leda. Ya saci kallon gorar, ruwan ya daina motsi. Barkonon ya gama da hujin, sauran ya wuce ya tarar da 'yan tsagogin nan ya zauna. A gefen allo akwai lambar da ke nuna zafi. Jiya tana hamsin. Yanzu tana tamanin, tana hawa, ta koma ja.

Maɓallin kashewa yana nan kusa da gwiwarsa. Da ya danna, da magana ta ƙare a jin kunya. Amma in ya kashe, Madam za ta tambayi dalili, kuma gobe a coci labari zai kai kunnen Datong. Sai ya miƙa hannu ya dafa gefen allon kamar mai hutawa, ya rufe lambar da tafinsa, ya ci gaba da bayani.

Mista Pam ya shaƙi iska ya ce, "Akwai mai suya a bayan shagon nan ne?"

Bai rufe baki ba tiyon da ke kusa da ƙwaƙwalwar, wanda zafi ya gama laƙwasawa, ya suɓuce daga ɗaurin tub. Ruwan zafi ya yi tsartuwa. Rabi ya sauka a kan katin hoto da babban falen kwamfutar, wato farantin da aka jona duk kayan cikinta a kai, aka ji ƙaras, allo ya yi baƙi. Rabi kuma ya daki gilashin tagar, gilashin ya faɗi, ruwan ya sauka a cinyar Madam. Fankokin da ke jone a bango kuwa ba wanda ya gaya musu an yi rasuwa, suka ci gaba da hura turirin barkono a fuskar baƙi. Mista Pam ya yi atishawa goma sha ɗaya a jere, a ta ƙarshe gilashin idonsa ya tashi sai bakin ƙofa. Masu keke biyu da ke wucewa suka tsaya suna tambaya ko 'yan sanda ne suka harba hayaƙi.

Da aka samu aka fito waje, Madam Cordelia ta dubi leshinta. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta share ido ta ce, "Bidiyon yarana yana ina?"

Badaru ya ce, "Yana cikin faifan ajiya, Madam. Ina jin ruwa bai kai nan ba."

"Ciro shi. Ɗauko akwatin ma gaba ɗaya. Shiga mota."

Bai tambayi ina za su ba, ya sani. Daga Bauchi Road har Bukuru Mista Pam bai daina atishawa ba.

Datong ya ga leshin, ya ga akwatin, ya ga fuskar ogansa. Ya jona faifan a tasa kwamfutar, aikin ya buɗe, ba abin da ya ɓace. Sannan ya kwance ƙarfen kan ƙwaƙwalwar ya buɗe shi. Wani jan abu ya cika tsagogin, ya daskare. Ya lakata da yatsa ya kai hanci.

"Oga, wannan mene ne?"

"Barkono."

Datong ya juya baya ya daɗe yana neman wani abu a cikin durowa, kafaɗunsa suna rawa. Da ya juyo ya ce, "Falen ya ƙone, katin hoto ma ya tafi. Wannan ba gyara, sai dai sabo." Ya tashi daga kujerarsa. "Zauna, Oga. Kai ka fara aikin, kai za ka gama shi."

Badaru ya zauna gaban kwamfutar da ta hana shi cin gwate. Ta fitar da bidiyon ko nishi ba ta yi ba. Sai bayan azahar aka gama kallo, ɗaurin aure kuwa tuni an watse. Mista Pam har da hawaye da ya ga 'yarsa tana karɓar kyauta, ko da yake wasu sun ce sauran barkono ne.

Madam ta karɓi bidiyon ta sa a jaka. Ta ce, "Ɗana, aikin ya yi kyau, kullum aikinka yana kyau. Leshi kuma ba komai ba ne, ana saye. Amma na gan ka lokacin da ka rufe lambar nan da hannu. Ka san abin yana ƙonewa, aikin yara ɗari biyu yana ciki, ka zaɓi ka ɓoye min. Daga baɗi aikin makaranta na Datong ne."

Badaru ya buɗe baki zai ce ai shi ya koya wa Datong aiki. Ya dubi kujerar da yake zaune a kai, ya rufe bakin.

Ba kwamfuta, ba Madam, ba Rayfield. Wata biyu ya yi yana hoton fasfo, daga nan ya mayar wa mai shago makullinsa. Datong ne ya zo har gida ya ce aiki ya yi masa yawa, yana neman mai hannu, ko Oga zai taimaka masa. Binta ta amsa kafin mijinta ya gama gyara zama.

Yanzu kullum da safe Badaru yana shiga bas ɗin Bukuru. Kujerarsa ita ce ta gaban kwamfutar gilashin. Duk kwastoman da ya shigo sai ya tsaya ya riƙe baki, ya ce kai, wannan ta wace ce haka, a ce masa ta Oga Datong ce. Sai ya juyo wurin wanda ya fi kusa da ita ya ce, "Malam, lagireto nawa ne a ciki?" Badaru ya ce, "Uku." A rana yakan faɗa sau goma.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Hassada tana sa mutum ya ga abinsa mai lafiya kamar marar lafiya, ya yi ta yi masa magani har ya kashe shi. Tana toshe kunne, ka ji shawarar gaskiya ka ce baƙin ciki ne. Tana kuma ɗaure harshe, ka ɓoye wa wanda za ka tambaya abin da ya kamata ya sani, ya ba ka maganin mota ka ɗura wa kwamfuta. Badaru ba rashin iya aiki ne ya kayar da shi ba, ba kuma Datong ne ya ƙwace masa kwastoma ba, shi ya ɗauke ta da hannunsa ya kai Bukuru. Saboda haka in an yabi abin wani a gabanka, ka ce Allah ya ƙara masa, ka koma kan aikinka. In ba ka san abu ba, ka tambayi wanda ya sani, ko da kai ka koya masa kunnawa. In kuwa ka ga ɓarna ta fara, ka kashe inji ka faɗi gaskiya tun tana ƙarama.